Bayan an kaɗa ƙararrawar tashi: abin da ya kamata ku sani kan ƙungiyoyin makaranta da koyon aiki ga ɗalibin sakandare

Shekara shida yaro ke yi a sakandare, uku a ƙarama, uku a babba. A ƙarshe ya fito da takardar WAEC ko NECO mai ɗauke da darussa takwas ko tara da sakamakon kowanne. Takarda ce mai daraja, domin ba a shiga jami'a ko kwaleji sai da ita ko makamanciyarta. Sai dai akwai tambayoyin da ba ta amsawa. Yaron nan zai iya miƙewa gaban jama'a ya yi bayani bakinsa bai sarƙe ba? In an ba shi ajiyar kuɗin mutane zai kawo lissafi cif? Yana zuwa wuri a kan lokaci? Ya taɓa ganin yadda ake aikin da yake cewa shi zai yi in ya girma?

Wuri biyu ɗalibi ke samo waɗannan: ƙungiyoyi da wasannin makaranta, da kuma 'yan makonnin da zai yi a shago, gareji, ofis, asibiti ko gona yana koyon sanin makamar aiki. Iyaye da yawa na ɗaukar na farko shiririta, na biyu kuwa wurin da ake tura wanda boko ya gagara. Ba haka abin yake ba. Amma amfanin ba ya zuwa haka siddan. Sai an zaɓa da hankali, an yi sharaɗi, an kuma sa ido.

Waɗanne ayyuka ake nufi?

Duk abin da makaranta ta shirya wa ɗalibai wanda ba darasin aji ba ne, ba a kuma yin jarrabawa a kansa. A makarantun arewacin Najeriya za a iya kasa su gida biyar.

Akwai ƙungiyoyin da suka jiɓinci karatu: ta muhawara da adabi, ta 'yan jarida masu karanta labarai a taron safe, ta Hausa, ta Larabci, ta lissafi, ta matasan manoma, da JETS, wadda ke tara masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere. Akwai wasanni: ƙwallon ƙafa, ƙwallon raga, guje-guje da tsalle-tsalle, da gasar shekara-shekara tsakanin gidajen makaranta, inda kowane gida ke fitowa da launin rigarsa. Akwai masu kayan sarki da fareti: 'yan sikawut, Girl Guides, Red Cross, Man O' War da kadet. Akwai na addini: MSSN ta ɗalibai Musulmi da FCS ta ɗalibai Kirista. Sai kuma muƙaman shugabanci, tun daga monitan aji har zuwa shugaban ɗalibai, da masu kula da tsafta, abinci, lokaci da ɗakin karatu.

Wasu hukumomin gwamnati ma sun shigo makarantu da nasu ƙungiyoyin. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na da ƙungiyar kiyaye dokokin hanya, NDLEA na da ta yaƙi da shaye-shaye, EFCC da ICPC kuma na da na cusa gaskiya da riƙon amana.

Sabon abu ne?

Ko kaɗan. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, ta ɗauki wasa da muhimmanci tun farko. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can, ya shahara da son wasan fives, na buga ƙaramar ƙwallo a bango da hannu, kuma har yau ana buga shi a Katsina da wasu garuruwan Arewa. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi ya fara rubuta wasannin kwaikwayo.

Harkar sikawut, wadda Baden-Powell ya faro a Ingila a 1907, ta iso Najeriya a 1915, Girl Guides kuma a 1919. Man O' War ta samo sunanta daga wata gaɓar teku kusa da garin Victoria, wato Limbe ta Kamaru a yau, inda aka fara horon a 1951. Yanzu ɗaya daga cikin manyan sansanoninta na tsaunin Shere a Jos. An kafa MSSN a Legas a 1954, FCS kuma a Gindiri a 1957. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, matasa 'yan shekarun sakandare ne da yawa daga cikin masu fafatawa a cikinta. Kenan kakannin ɗaliban yau ma sun yi fareti, sun yi muhawara, sun hau dandamali.

Me ɗalibi ke samu a zahiri?

A ɗauki yarinyar da ta shiga ƙungiyar 'yan jarida a ajin farko na babbar sakandare. Zangon farko ba ta wuce tattaro labari: wane gida ya ci ƙwallo, yaushe za a gyara famfo, wane malami aka sauya wa wurin aiki. Ta rubuta, malamin da ke kula da ƙungiyar ya ja jan biro ya dawo mata da shi, ta sake. Ran da aka ce ita za ta karanta a taron safe, takardar na karkarwa a hannunta. Karo na uku ko na huɗu sai karkarwar ta tafi. A shekara guda ta koyi tambayar babba cikin ladabi, ta koyi tabbatar da magana kafin ta yaɗa ta, ta koyi taƙaita labari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai fito a takardar sakamakonta, amma duk za su bi ta har ɗakin ganawar neman aiki.

Muhawara tana da nata darasin. Sau da yawa ƙuri'a ake jefawa, sai a ba ɗalibi ɓangaren da bai yarda da shi ba, a ce ya kare. Dole ya nemo hujjar abokin hamayya, ya saurara har a gama ba tare da katse magana ba, ya kuma kammala kafin mai kula da lokaci ya buga tebur. Wanda ya saba da wannan yakan rage saurin fushi in an saɓa masa.

Ma'ajin ƙungiya kuwa, ko da kuɗin mako ne 'yan ƙalilan yake karɓa, yana koyon rubuta shiga da fita, da jure zargin abokai, da kunyar da ke cikin a ƙirga a ga babu daidai. Kyaftin ɗin ƙwallo yana koyon yadda zai ajiye amininsa a benci saboda wani ya fi shi iyawa. Ɗan Red Cross yana koyon tsayar da jini da ɗaure karaya kafin a kai asibiti. Ɗan JETS da ya haɗa fitila mai aiki da hasken rana daga tarkacen waya da batir ya fahimci darasin lantarki fiye da wanda ya haddace shi daga littafi. 'Yan wasan kwaikwayo suna koyon haddar magana, da haƙurin maimaita fitowa ɗaya sau goma. Kada a manta, masana'antar finafinan Hausa daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta tsiro. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990.

Akwai kuma ribar zumunci. A aji, ɗalibi da sa'o'insa kawai yake hulɗa. A ƙungiya yana haɗuwa da na gaba da shi da na baya, da 'yan wasu makarantu in an je gasa. Ɗan ƙauyen da bai taɓa fita daga ƙaramar hukumarsu ba, wata rana gasar kacici-kacici ce ke fara kai shi babban birnin jiha.

Ba ya cin lokacin karatu?

Yana iya ci, kuma tsoron iyaye a nan yana da tushe. Ɗan makarantar jeka-ka-dawo yana tashi wajen ƙarfe biyu, ga Islamiyya da la'asar, ga aikin gida, wani ga shagon mahaifi. Ɗan makarantar kwana ya fi samun sarari domin yammacinsa a tsare yake, akwai lokacin wasa, akwai na bita da dare.

Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ƙungiya ɗaya da wasa ɗaya sun ishi yawancin ɗalibai. Wanda ya rubuta sunansa a ko'ina, a ƙarshe ba a san shi a ko'ina ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: a duba sakamakon zango biyu a jere. In maki na sauka, a rage, ba sai an hana ɗungurungum ba. A shekarar ƙarshe kuwa, ya kamata ɗalibi ya miƙa ragama ga na baya da shi ya fuskanci jarrabawa.

Wasu matsalolin daga makarantar suke. Akan sami malamai da ke fitar da yara huɗu ko biyar ɗin nan dai a kowace gasa, su rasa darussa, sauran ɗaruruwan kuma ba wanda ya taɓa gwada su. Mai kunya da mai in'ina, waɗanda suka fi kowa buƙatar dandamali, su ake bari a baya. Akan sami shugabannin ɗalibai da ke mayar da muƙami lasisin dukan ƙanana. Akan sami yawan karɓar kuɗin riga da na tafiya har talaka ya janye ɗansa. Duk ƙungiyar da ba ta da malami mai kula da ita, ko take taro a ɓoye, ko take sa yara rantsuwa, ba ƙungiyar makaranta ba ce. A kai maganarta ga shugaban makaranta nan take.

Wa ke shirya wa ɗan sakandare zuwa koyon aiki?

Nan ne mutane ke ruɗewa. Shirin SIWES, wanda ɗalibai ke kira IT, na manyan makarantu ne: jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Hukumar ITF mai hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1971, ita ta ɓullo da shi a 1973 bayan masu masana'antu sun koka cewa masu digiri na fitowa ba su san aikin hannu ba. Ɗan sakandare ba ya ciki.

Kwalejojin koyon sana'a na gwamnati, masu rubuta jarrabawar NABTEB, su ne suka fi kusa da wannan tsari, domin babban ɓangare na karatunsu a ɗakin aiki ake yi, kuma wasunsu na tura ɗalibai wuraren aiki lokacin hutu. Amma a sakandaren da yawancin yara ke zuwa, babu wani tsari na ƙasa da ya wajabta tura ɗalibi wurin aiki.

Ba wai gwamnati ba ta taɓa yunƙurin kusanto da sana'a ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, aka shigo da injuna daga waje, da yawansu suka ruɓe a akwati saboda rashin wuta da rashin malamai. A 2011 sabuwar manhajar babbar sakandare ta wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar darasin sana'a ɗaya daga cikin fiye da talatin, irin su ɗinki, kiwon kifi, kiwon dabbobi, rini, ɗaukar hoto, girki da gyaran waya. A 2025 aka sanar da rage su zuwa shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Matsalar dai ɗaya ce tun farko: a makarantu da yawa a allo ake koyar da sana'ar. Yaro ya ci jarrabawar kiwon kifi bai taɓa ciyar da tarwaɗa ba.

A wasu ƙasashe makaranta ce ke ɗaukar nauyin. A Faransa wajibi ne ɗalibi ya yi kwana biyar a wani wurin aiki yana kallo a shekararsa ta ƙarshe ta ƙaramar sakandare, kuma daga 2024 an ƙara mako biyu ga 'yan ajin farko na babba. A Ingila makarantu da yawa na tura 'yan shekara 14 zuwa 15 mako ɗaya ko biyu. A Jamus matashin da ya zaɓi sana'a yana raba makonsa tsakanin kamfani da makaranta na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana kuma biyansa. A nan kuwa, in ban da 'yan makarantu masu zaman kansu da ke yin nasu, nauyin na wuyan iyaye da ɗalibin kansa.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne al'adar kai yaro wurin mai sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Maƙera, marina, dukawa, masaƙa da magina duk ta haka suka gaji juna. Abin da ake buƙata shi ne a gajarta ta ta dace da hutun makaranta.

Yaushe, kuma ina?

Lokuta uku suka fi dacewa. Na farko, hutun da ke bayan jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wanda yakan yi tsawo, kuma yana zuwa daidai lokacin da yaro zai zaɓi ɓangaren kimiyya, adabi ko kasuwanci. Na biyu, dogon hutun ƙarshen shekara bayan ajin farko na babbar sakandare, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Na uku, wanda ya fi kowanne tsawo kuma aka fi yin asararsa, shi ne watannin da ke tsakanin gama WAEC da NECO da samun gurbin karatu. Wani wata uku zai jira, wani shekara guda ko fiye. Hutun da ke gab da ajin ƙarshe kuwa gara a bar wa karatu, musamman a jihohi irin Kano da ake yin jarrabawar tantancewa kafin gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin jarrabawar fita.

Wuraren suna nan birjik. A Kano akwai masu gyaran waya a Farm Centre, masu kayan ƙarfe da na mota a Ƙofar Ruwa, marina a Ƙofar Mata, 'yan yadi a Kantin Kwari, 'yan hatsi a Dawanau, da masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa. A Kaduna akwai Panteka, inda ake ƙera abubuwa iri-iri daga ƙarfe da katako. Kowane gari na da tela, kafinta, mai walda, bakanike, mai haɗa sola, gidan burodi, gonar kaji da shagon buga takardu. Mai sha'awar aikin ofis zai iya neman gidan rediyo, ofishin lauya, asibitin sha-ka-tafi, ɗakin gwajin jini, ko makarantar firamare ya taya malami.

Wurin da ya fi dacewa ba lallai ne mafi girma ba. Ƙaramin shago mai maigida ɗaya da ke da lokacin yin bayani ya fi babban kamfanin da za a ajiye yaro a kujera ya wuni yana latsa waya.

Me zai tarar a makon farko?

Shara. Ya kamata a gaya wa yaro wannan tun daga gida don kada ya dawo rana ta biyu yana cewa an raina shi. A shagon tela, zai share ƙyallaye, ya yi guga, ya sa maɓalli, ya daɗe kafin a bar shi ya hau keke, almakashi kuwa sai can gaba, domin yadin mutane ba abin gwaji ba ne. A gareji zai fara da miƙo sifana da sanin lambar kowace, da wanke kayan inji, da juye baƙin mai. Wurin gyaran waya zai fara da kwance matattun wayoyi yana mayarwa, kafin a ba shi canjin gilashi, kafin a kai ga dalma. A ofishin lauya zai ɗauki fayil ya bi maigida kotu ya zauna shiru. A asibiti zai jera kati ya kira suna. Ba zai yi allura ba, ba zai ba da magani ba, kuma duk wanda ya ce ya yi, ya saɓa ƙa'ida.

Zai ga abubuwan da ba a faɗa a aji. Zai ga mai kaya ya zo yana faɗa saboda an saɓa alkawari, ya ga yadda maigida ke ba da haƙuri. Zai ga yadda ake yanke farashi, yadda bashi ke karya shago, yadda ɗaukewar wuta ke tsayar da aikin yini. Zai gane cewa tsayuwar awa shida ba irin zaman aji ba ce. Zai kuma koyi riƙe sirri: abin da ya gani a katin mara lafiya, ko a fayil ɗin shari'a, ko a cikin wayar da aka kawo gyara, ba na kai wa majalisa ba ne, ba kuma na ɗorawa a Facebook ko TikTok ba.

Aike yana cikin tsarin, kuma ba aibi ba ne a aiki ƙarami sayo abinci. Amma in mako biyu suka wuce ba abin da yaro ke yi sai aike da wanke motar maigida, to ba koyo yake ba. Uba ya koma ya yi magana cikin mutunci, in ba a gyara ba a sauya wuri.

Wani lokaci babbar ribar ita ce yaro ya gano ba ya son aikin. Wadda ta ce likita za ta zama, ta yi mako uku a asibiti ta ga ba ta jure ganin jini da warin magani, ta tsira daga shekarun wahala. Wanda ya raina gyaran inji kuma yana iya dawowa da niyyar karanta injiniya. Wannan na da muhimmanci domin darussa huɗun da ɗalibi zai rubuta a JAMB sun dogara ne da fannin da ya zaɓa, kuma zaɓin tun daga ajin farko na babbar sakandare yake farawa.

Me doka ta ce?

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta yi iyakoki. Yaron da bai kai shekara 12 ba, ba a ɗaukarsa aiki, sai ɗan aiki mara nauyi na gida ko gona a hannun danginsa. Wanda bai kai 15 ba, ba ya aiki a masana'anta, in ban da aikin makarantun koyon sana'a da hukuma ke sa wa ido. Wanda bai kai 16 ba, ba a sa shi aikin ƙarƙashin ƙasa ko aikin inji, ba ya aiki ranar hutun gwamnati, ba ya wuce awa huɗu a jere ko awa takwas a yini. Aikin dare haramun ne ga wanda bai kai 18 ba, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Dokar ta kuma yarda iyaye su kai ɗan shekara 12 zuwa 16 koyon sana'a da amincewarsa, bisa rubutacciyar yarjejeniya da ba ta wuce shekara biyar ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ita ma ta hana sa yaro aikin bauta ko ɗaukar kayan da zai cutar da jikinsa.

Sanin kowa ne ba a cika bin waɗannan a kasuwa ba. Amma sun ba uba ma'auni. Wurin walda babu tabarau, wurin fenti babu takunkumi, wurin haƙar ma'adinai, ko inda manyan yara ke shaye-shaye, ba wurin kai ɗalibi ba ne ko da kyauta ake koyarwa.

Yaya ake ƙulla maganar?

Kada a tura yaro shi kaɗai. Uba, ko kawu, ko yaya, ya je da kansa, ya gaisa, ya ce: "Malam, ga ɗanka na kawo maka. Hutun mako shida suka samu, ina so ya ga yadda ake aikin nan. In ya yi ba daidai ba ka tsawata masa, ka kuma sanar da ni." Daga nan a fayyace abu biyar: ranakun zuwa, lokacin zuwa da tashi, abin da ake sa ran ya iya kafin hutu ya ƙare, wanda zai riƙa kula da shi in maigida ba ya nan, da maganar kuɗi. Ofisoshi da asibitoci sukan nemi wasiƙa, don haka a karɓo ta daga shugaban makaranta kafin a rufe.

Maganar kuɗi a yi ta a fili. Wasu masu sana'a na karɓar kuɗin koyo, wasu ba sa karɓa. Wasu na ba yaro na abinci da na mota, wasu sai ranar da ciniki ya yi kyau. Ba albashi aka je nema ba. Hasali ma haɗarin yana ɗaya gefen: yaron da ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihu yakan fara ganin aji ɓata lokaci ne. Shi ya sa ranar komawa makaranta ta zama cikin sharaɗin tun farko, kuma maigidan kirki da kansa zai kore shi in an koma.

'Yan mata fa?

Suna da buƙatar wannan dama kamar maza, kuma an fi tauye su. Akan taƙaita su ga ɗinki, girki da lalle. Sana'o'i ne masu kyau da ke riƙe gidaje da yawa, amma yarinyar da ke son lissafi ko kimiyya ta cancanci ganin ɗakin gwaji, kantin magani, banki ko wurin aikin kwamfuta. Arewa na fama da ƙarancin mata likitoci, ungozoma da malaman kimiyya, kuma sha'awar irin waɗannan ayyuka daga gani take farawa.

Damuwar iyaye kan tsaro halas ce, kuma tana da magani. A zaɓi wurin da mace ke shugabanta ko akwai mata ma'aikata. A tura su bibbiyu. A tsayar da lokacin dawowa kafin magariba, a san abin hawan da za ta shiga. Uwa ko yaya ta riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Sama da komai, yarinya ta san cewa in wani ya yi mata maganar banza ko ya taɓa ta, za ta faɗa a gida a saurare ta, ba a ɗora mata laifi ba. Wannan ya shafi yara maza ma.

Zai taimaka wajen samun jami'a?

Kai tsaye, a'a. Shiga jami'a a Najeriya ya dogara ne da makin JAMB, da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, da tantancewar jami'ar. Ba a ƙara wa kowa maki don ya yi sikawut. Amma masu ba da tallafin karatu, musamman na ƙasashen waje, sukan tambayi abin da ɗalibi ya yi ban da karatu, da inda ya taɓa shugabanci ko hidimar al'umma. Masu ɗaukar aiki ma haka. Kuma ɗalibin da ya iya gyaran waya ko ɗinki ba ya rasa na sabulu da na kwafin takardu a jami'a.

Don haka a ajiye shaida. Ɗalibi ya sami ƙaramin littafi ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya koya kowace rana. In ya gama, ya roƙi maigida ko shugaban ofis ya rubuta masa 'yar takarda mai sa hannu da ta faɗi tsawon zamansa da abin da ya iya. Takardun gasa, hotunan abin da ya ƙera, da takardar shaidar hali da makaranta ke bayarwa a ƙarshe, duk a haɗa su wuri ɗaya da sakamakon jarrabawa.

Me ya rage ga iyaye da makarantu?

A taron iyaye da malamai, yawanci maganar kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa ke cinye lokaci. Akwai tambayoyi uku da suka cancanci shiga ajanda: waɗanne ƙungiyoyi ne ke aiki da gaske a makarantar nan, wane malami ke kula da kowacce, kuma yara nawa ne ba sa cikin ko ɗaya? Sannan a duba cikin iyayen kansu. A kowane irin wannan taro akwai tela, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai bakanike, akwai ɗan kasuwa, akwai manomi. In kowannensu ya yarda ya karɓi yara biyu na mako uku a dogon hutu, makaranta ta rubuta wasiƙa, malami ɗaya ya riƙa zagayawa, an sami tsarin koyon aiki ba tare da jiran kasafin kuɗin gwamnati ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma na iya yin haka, kuma ya fi musu sauƙi a kan gina aji.